Garin da mai ya gina

1. Gidan tarihi mai rai

Wanda ya taɓa zuwa Yamai a cikinku, watakila an kai shi gidan tarihi na Bubu Hama. A can ba kallon kaya cikin gilashi kaɗai ake yi ba. Akwai bukkoki da tantuna da ɗakuna irin na mutanen ƙasarmu. Akwai maƙera da masaƙa da dukawa suna aikinsu a gaban idon baƙo. Irin wannan wuri shi ake kira gidan tarihi mai rai, don mutum yana shiga cikinsa ne da ƙafarsa, ya ga yadda ake zama.

Yau za mu ziyarci wani irinsa, amma mai nisa ƙwarai. Ku ɗauko taswirar duniya. Ku nemi Amurka, ku gangara kudu har jihar Teksas, kusa da bakin teku. Nan za ku ga wani birni mai suna Beaumont. Ku da kuke koyon Faransanci kun san ma'anar wannan suna: kyakkyawan dutse. To, babu dutse ko ɗaya a wurin! Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, mai damshi, mai sauro.

A cikin filin jami'ar Lamar ta wannan birni akwai wani ɗan gari na katako, ana ce da shi Gladys City. Babu mai kwana a cikinsa. An gina shi a shekarar 1976, aka kwaikwayi wani gari da ya tashi a 1901 ba nisa da wurin, ya cika maƙil da mutane, sa'an nan ya watse. Mu shiga.

Gine-gine 15 ne suka kewaye wani fili. Dukansu na katako ne, da baranda a gaba. Ga kantin da ake sayar da gari da sukari da fitilu da igiya. Ga gidan waya. Ga shagon aski, ga ɗakin magani, ga wurin mai ɗaukar hoto, ga maɗaba'a. Can gefe ga maƙera da bargar dawaki, domin a lokacin mota ba ta yawaita ba, doki da alfadari su ne masu jan kaya. Akwai kuma mashaya, inda ma'aikata da yawa suke barin kuɗin guminsu da dare. A ranakun biki, wasu mutane sukan sa tufafi irin na wancan zamani, maƙeri ya hura wuta, ya yi ta dukan ƙarfe, yara suna kallo.

Amma abin da ya fi jan ido yana waje. Wata doguwar hasumiya ce ta katako, mai faɗin gindi, mai tsinin kai. Idan ranar nuni ta zo, sai a ce kowa ya ja baya. Sai ka ji ƙara, ruwa ya yi tsiri sama, ya wuce kan hasumiyar, iska ta watso shi kan ƴan kallo. Yara su yi ta ihu. Ruwa ne kawai. Amma abin da ya fito a 1901 ba ruwa ba ne.

2. Mutumin da aka yi wa dariya

Kudu da Beaumont akwai wani ɗan tudu, ana kiransa Spindletop. Tsawonsa bai kai na itacen kuka ba. Shanu ne suke kiwo a kansa. Ruwan da yake ɓuɓɓugowa a wurin yana da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma wata iska tana fita daga ƙasa, wadda in an kusa da ashana sai ta kama wuta.

Wani mutumin garin, Pattillo Higgins, mai hannu ɗaya, ya lura da wannan. Bai yi dogon karatu a makaranta ba, da kansa ya karanta littattafan sanin ƙasa. Ya ce akwai mai a ƙarƙashin tudun nan. Masana suka ce babu. Mutanen gari suka mai da shi abin dariya. A 1892 ya sami abokai suka kafa kamfani. Har ya zana taswirar garin da yake so ya gina: gari mai tsabta, da makarantu, da masana'antu, da wuraren shan iska. Ya sa masa suna Gladys, sunan wata ƙaramar yarinya da yake koya wa karatu ran Lahadi.

Aka haƙa sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ba a sami kome ba. Me ya hana? Kun san abin da yake faruwa in an haƙa rijiya cikin rairayi: ana haƙa tana rushewa. To, haka ya faru. A ƙarƙashin tudun akwai yashi mai kauri, mai gudu, yana cike ramin.

Sai wani injiniya ya zo, Anthony Lucas, haifaffen ƙasar Kuroshiya ta Turai. Shi ya daɗe yana aikin haƙar gishiri. Ya gane cewa tudun nan kan wani ƙaton curin gishiri ne da yake binne can ƙasa, kamar kantu a tsaye, ya turo ƙasa sama. A kewayen irin wannan gishiri mai yakan taru. Lucas ya haƙa, kuɗinsa suka ƙare. Ya je ya samo masu kuɗi daga birnin Pittsburgh. Su kuwa suka ɗauko wasu ƴan'uwa gwanayen haƙa, ƴan gidan Hamill. A wannan sabuwar yarjejeniya ba a sa Higgins ba, shi da ya fara nuna wurin.

Ƴan gidan Hamill suka fara aiki a watan Oktoba na 1900. Suna haƙa da bututun ƙarfe mai juyawa, injin tururi yana juya shi. Yashi ya tare su kamar yadda ya tare na gabansu. Nan suka yi wata dabara. Maimakon su tura ruwa zalla cikin ramin, sai suka tura taɓo. An ce shanu suka kora cikin wani kududdufi, suka tattake shi har ya yi kauri. Taɓon ya manne a jikin ramin kamar yaɓen ɗaki, yashi ya daina zubowa. Ku riƙe wannan da kyau: har yau, ko'ina ake haƙar mai a duniya, da taɓo ake yi, sai dai na yanzu haɗa shi ake yi da magunguna, ba da kofaton shanu ba.

Ran 10 ga Janairu, 1901, da hantsi, ramin ya kai zurfin mita 347. Sai taɓo ya fara tafasowa. Kafin a ce me, bututun ƙarfe mai nauyin tan 6 ya yi sama kamar kibiya, ya faɗo gunduwa-gunduwa. Ma'aikata suka ranta a na kare. Aka yi shiru kaɗan. Suka dawo suna duba ɓarna. Sai ƙasa ta yi ruri, iska ta fito, a bayanta mai, baƙi-baƙi, kore-kore, ya yi sama fiye da mita 30.

Kwana 9 yana zuba, ba wanda ya iya rufe shi. Kowace rana kimanin ganga dubu 100. Ganga ɗaya lita 159 ce. Don ku gane yawan nan: matatar man da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011 an gina ta ne don ta tace ganga dubu 20 a rana. Rami ɗaya tak yana zubar da ninki biyar na wannan, a ƙasa, cikin ciyawa.

3. Kowa na sauri

Labari ya bazu. Jiragen ƙasa suka riƙa zuwa cike da mutane. Mazauna Beaumont wajen dubu 10 ne. Cikin wata uku suka ninka uku. Babu ɗakin kwana. Wasu a tanti, wasu a baranda, wasu suna biyan kuɗi su kwana kan kujerar mai aski. In kun shiga shagon askin gidan tarihin, ku dubi kujerar nan, ku tuna.

Farashin ƙasa ya haukace. Ana ba da labarin wani mutum da ya yi shekara uku yana neman mai sayen filinsa dala 150, bai samu ba. (Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwarmu ta tamma biyar ba.) Da mai ya fito ya sayar dala dubu 20. Wanda ya saya, kafin minti 15, ya sayar dala dubu 50. Inda kuɗi suka yi yawa haka, ƴan damfara ba sa nisa. An sayar wa mutane takardun kamfanonin da ba su da ko taku ɗaya na ƙasa.

Garin da Higgins ya zana bai samu ba. Maimakon makarantu da inuwa, sai rumfunan katako, da taɓo, da wari, da hayaƙi. Gobara ta sha tashi. Iskar da take fita daga ramuka tana sumar da ma'aikata. Ruwan sha mai kyau ya yi wuya, mai kuwa ya yi arha har aka sayar da ganga santi 3, santi 100 kuwa su ne dala ɗaya. Gidan tarihin yana da tsabta, an share shi, an shafa masa fenti. Mai ziyara ya kamata ya ƙara masa ƙazanta da hayaniya a cikin ransa, in yana son ya ga garin gaskiya. Hotunan da suke rataye a bango za su taimake shi: hasumiya jikin hasumiya, har an ce mutum yakan iya tafiya daga wannan zuwa waccan bisa katako, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Me ya sa suka matsu haka? Saboda man da yake ƙasa tafki ɗaya ne, ba shi da shinge. Wanda ya yi jinkiri, maƙwabcinsa ya zuƙe nasa. Don haka kowa ya haƙa da sauri. A ƙarshen 1902 ramuka 285 ne suke aiki a kan ɗan tudun nan.

Ga inda aka yi asara. Abin da yake turo mai sama shi ne iskar da take matse a ƙasa. Ku tuna da tayar keke: in ƙaya ɗaya ta huda ta, iska tana fita a hankali, in ƙaya ɗari ce, nan take ta kwanta. A 1902 Spindletop ya ba da ganga miliyan 17 da rabi. A farkon 1904 ya koma ganga dubu 10 a rana, duka ramukan a haɗe, kashi ɗaya cikin goma na abin da rami na farko yake bayarwa shi kaɗai. Mutane suka naɗe kayansu, suka bi labarin mai zuwa wasu garuruwa.

Duk da haka tudun ya canza duniya. Kafin 1901, babban amfanin mai shi ne kananzir na fitila. Da ya yi arha, jiragen ƙasa da na ruwa suka fara barin gawayin dutse suna ƙona mai. Manyan kamfanoni biyu, Texaco da Gulf, a nan suka samo asali. A 1925 an sake haƙawa da zurfi a gefen gishirin, aka sami wani man, garin ya ɗan farfaɗo, ya sake kwantawa. Daga baya aka haƙi farar wuta a wurin.

Kafin mu fita, mu tsaya gaban wani dogon ginshiƙi na jan dutse. An kafa shi a 1941 kusa da inda rami na farko yake, don tunawa. Amma an ciro abubuwa da yawa daga cikin tudun, har ƙasa ta fara lotsawa a ƙarƙashinsa. Dole aka ɗauke shi daga can. Shi ya sa kuke ganinsa nan, a bakin garin katako.

Mu koyi kalmomi

gidan tarihi: le musée
ɗanyen mai: le pétrole brut
ganga: le baril
matata: la raffinerie
taɓo: la boue
farar wuta: le soufre

Mu amsa

1. Me ya bambanta gidan tarihi mai rai da sauran gidajen tarihi?
2. Waɗanne alamu Higgins ya gani a kan tudun?
3. Wace dabara ƴan gidan Hamill suka yi wa yashi? Yaya masu haƙar rijiya na garinku suke hana ta rushewa?
4. Me ya sa man Spindletop ya ragu da wuri haka?
5. Lissafi: in rami yana zubar da ganga dubu 100 a rana, ganga nawa ya zubar cikin kwana 9? Lita nawa ke nan?

Aikin gida

Ku tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa yadda kasuwar garinku take lokacin da suke yara. In za a sake gina ta don jikokinku su gani, waɗanne rumfuna biyar za ku zaɓa? Ku zana su, ku rubuta sunan kowace da Hausa da Faransanci.