Yiwuwa Mai Sharaɗi: Misali Daga Wasan Karta

Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji Safana ko Batsari zai tarar da samari, musamman da rani bayan an gama kaka, suna buga kartar Whot a majalisa. Caca haramun ce, kuma ba ita ake nufi a nan ba. Abin da ya shafe mu shi ne lissafin da gwanin wasan ke yi a ransa.

Yiwuwa mai sharaɗi ita ce auna faruwar abu bayan an tabbatar wani abu ya riga ya faru. A nahawu, ita ce jimlar "idan... to...". Thomas Bayes, ɗan Ingila, ya yi fice a fannin, kuma an buga aikinsa a 1763, bayan rasuwarsa.

Whot tana da kati 54: da'ira 12, kusurwa-uku 12, gicciye 9, murabba'i 9, tauraro 7, da katin Whot 5. A ɗauka Bala da Audu kowa na riƙe da biyar. Bala yana da tauraro biyu da kusurwa-uku uku, babu lamba 7 a cikinsu. A ƙasa kuwa tauraro mai lamba 7 ne. Ke nan kati 48 ne Bala bai gani ba, kuma yiwuwar kowane katin Audu ya zama da'ira ita ce 12 cikin 48, wato rubu'i.

Sai Audu ya kasa ajiyewa, ya tafi kasuwa. Shirun nan magana ce. Yana nuna babu tauraro 4 da suka rage a hannunsa, babu lamba 7 guda 4, babu Whot 5. An fitar da 13, saura 35, da'ira kuma ta koma 11. Yiwuwar ta tashi zuwa 11 cikin 35, kusan sulusi. Katin Audu bai canza ba. Sanin Bala ne ya ƙaru.

Amma duk wannan ya rataya ne a kan "idan". Audu na iya ɓoye Whot da gangan don ƙarshen wasa, kuma nan ne sanin halin abokin karawa ke shiga lissafi.

Aiki: Kasuwa na da kati 43 kafin Audu ya ja. Mece ce yiwuwar ya ja katin da zai hau kan tauraro mai lamba 7? Rubuta amsarka da jimla mai farawa da "idan".