Ƙuma a Jikin Kare da Mas'alar Maganin Homiyofati

Masu kiwon karnukan gadi da na farauta, waɗanda suka gaji da ganin dabbarsu tana susa dare da rana har gashin gindin wutsiyarta ya zube, sukan tambaya ko ƙwayoyin nan na homiyofati, da ake tallarsu da sunan ba su da illa, za su raba kare da ƙuma. Amsa a taƙaice ita ce ba za su raba shi ba, kuma ga hujja.

Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya kafa wannan tafarki a shekarar 1796, bisa ƙa'idar cewa abin da ke haddasa alamun cuta ga mai lafiya shi ne zai warkar da marar lafiya, muddin aka tsarma shi da ruwa ƙwarai. Saboda haka har ƙumar kanta ake niƙawa a yi maganin da suke kira Pulex irritans. Idan ka ga an rubuta 30C a jikin kwalba, ma'anarsa an ɗauki kashi ɗaya an gauraya da kashi 99 na ruwa, aka sake ɗiban kashi ɗaya daga nan aka yi haka, har sau 30, alhali tun wajen sau 12 masana ilimin sinadarai suka tabbatar cewa da wuya ko ƙwayar zarra ta asalin abin ta rage. Abin da ke hannunka sukari ne. Hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya, bayan ta tace nazarce-nazarce masu yawa, ta bayyana a 2015 cewa babu wata cuta da aka sami ingantaccen dalili cewa homiyofati na maganinta.

Illar jinkirin yi wa kare ingantaccen magani kuwa ba ƙarama ba ce, domin ƙuma jini take sha, tana iya ƙarar da jinin ɗan kwikwiyo har dasashinsa ya yi fari ya mutu, kuma idan kare ya haɗiye ta wajen cizon jikinsa sai ta sa masa tsila a ciki. Don ka tabbatar ƙuma ce, taje gashinsa a kan farin ƙyalle mai danshi. Baƙaƙen ɗigon da za su zubo, in suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, wato busasshen jini.

Babban abin da jama'a ke gafala da shi shi ne, ƙumar da ido ke gani a jikin dabba kusan kashi 5 ce cikin 100, sauran duk ƙwai ne da tsutsotsi da ke kwance cikin tsumman da yake kwana a kai, da tsagar daɓe, da turɓayar inuwar da yake hutawa, ga shi macen ƙuma guda takan yi ƙwai har 50 a yini. Wajibi ne ke nan a wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi kowane mako a shanya a rana, a share makwancinsa a ƙone sharar, a kuma dawwama a kan haka wata uku, tun da tsutsar da ta naɗe kanta cikin kwanso takan yi watanni tana jiran lokaci.

Amma maganin da aka jarraba aka ga amfaninsa, akwai na ɗigawa a bayan wuya mai sinadarin fipronil ko imidacloprid, wanda ake maimaitawa kowane wata, akwai kuma na taunawa irin su NexGard na wata guda da Bravecto na mako 12. Likitan dabbobi ne zai auna nauyin kare da shekarunsa ya ƙayyade adadi, a kuma yi wa dukan karnuka da kyanwoyin gidan a lokaci guda, kowa da nasa, domin maganin kare mai permethrin yana kashe kyanwa. Fiya-fiya da kananzir da baƙin mai, da wasu ke shafa wa kare, guba ne da ke ratsa fata. Haka nan tafarnuwa da albasa, da ake cewa suna korar ƙuma, jinin kare suke lalatawa. Ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, a tsaya ga taje shi da yi masa wanka da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a tsane shi nan take, in kuwa dasashinsa ya yi fari a kai shi asibitin dabbobi a ranar.