Tsami, Kanwa da Fuluwor a Ruwan Sha

Jama'a, kowa ya san tsamiya da kanwar Manga da ake sayarwa a kasuwar Dole ta Damagaram. Tsamiya tsami gare ta, kanwa kuwa tana kashe tsami.

A baki ma akwai tsami. Idan ƙwayoyin cuta suka ci sukarin da ya maƙale a haƙora, sai su fitar da tsami mai cin haƙori. Wani sinadari mai suna fuluwor yana ƙarfafa haƙori don ya jure wa tsamin nan. Shi ya sa ake sa shi a man goge baki.

Amma kome ya yi yawa, ɓarna ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada fuluwor ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwa. A Tibiri ta jihar Maradi, daga 1985 yara suka yi shekaru suna shan ruwan da fuluwor ya yi wa yawa. Ɗaruruwansu ƙafafunsu suka lanƙwashe.

Ku lura:

1. Idan haƙoran yaran gari suna yin ja-ja, a sanar da likita, a auna ruwan.
2. Tafasa ruwa ba ta fitar da fuluwor.
3. Kada yaro ya haɗiye man goge baki.

Rigakafi ya fi magani.