Ƙera Murfin Cibiyar Wili: Darasi a kan Awo da Zafi

Gabatarwa

Duk wanda ya dubi ƙafar mota da kyau zai ga wani ɗan faifai a tsakiyar wili, galibi ɗauke da tambarin kamfanin da ya ƙera motar. Wannan shi ne murfin cibiyar wili. Yakan faɗi a hanya mai gargada ko ya tsage, kuma samun wanda zai dace da tsohuwar mota kan yi wuya. Ana iya yin wani a gida, tare da taimakon maƙeran fari masu zubin tukwane, har a sa masa zanen da ake so. Sai dai aikin ba ya kyau sai an kiyaye dokokin awo da na zafi, domin kuskuren milimita ɗaya ya isa ya ɓata shi.

Amfanin murfin

Kamar yadda fatar ido ke kare ido daga ƙura, haka murfin yake tare ƙurar hunturu da ruwan damina kada su taru a kan babban notin da ke tsakiya. Boris yana da nasa abin kariya a ciki, amma wannan murfi shi ne garkuwar farko. Idan ruwa da iskar oksijin suka daɗe a kan baƙin ƙarfe sai tsatsa ta kama shi, ranar da bakanike ya zo kwance notin kuwa sai an sha wuya.

Dalilin zaɓen alminiyam

Alminiyam, wanda wasu ke kira sanholo, yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salsiyas, alhali tsantsar baƙin ƙarfe sai ya kai digiri 1,538. Saboda haka wutar gawayi da zugazugi ta isa ta narkar da shi. Ba shi da nauyi kuma: curin da ya kai santimita ɗaya ta kowane gefe giram 2.7 ne, na baƙin ƙarfe kuwa kusan giram 7.8. Bugu da ƙari, da zarar ya haɗu da iska sai wata siririyar fata ta rufe shi, wadda ke hana ci gaban lalacewa. In an karce ta, wata takan maye gurbinta nan take, tamkar yadda fatar jikin ɗan Adam ke warkar da kanta. Tsofaffin fistin da fasassun tukwane sun wadatar a matsayin kayan narkarwa.

Awo da samfuri

Da farko a auna faɗin ramin wili daga ciki, a wurare uku dabam-dabam, a kuma auna zurfinsa don kada murfin ya taɓa notin. Daga nan a sassaƙa samfuri da katako mai laushi: faifai a sama, da ɗan wuya a ƙasa wanda zai shige cikin ramin. A karkata gefunansa kaɗan yadda zai fita daga ƙasar zubi ba tare da ya rusa ta ba, sannan a goge shi sumul.

Ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Alminiyam kan ragu da kimanin kashi 1.3 cikin 100, don haka dole samfuri ya ɗara abin da ake nema. Idan ana son murfi mai faɗin milimita 60, sai a yi samfurin ya kai kusan milimita 60.8. Wanda ya manta da wannan zai sami murfi mai lako-lako. Gara ya ɗan yi yawa, tun da magagari na iya ragewa amma ba ya iya ƙarawa.

Zanen da za a manna a fuskar samfuri ba a juya shi kamar na hatimi. Ƙasar zubi za ta juya shi sau ɗaya, narkakken ƙarfe ya sake juya shi, sai ya fito daidai.

Zubi

Ana haɗa rairayi mai laushi da ɗan yumɓu, a yayyafa ruwa kaɗan. Gwajinsa shi ne a dunƙula a hannu: ya riƙe siffa, ya karye biyu ba tare da ya wargaje ba, kuma kada ya jiƙa tafin hannu. Sai a danna ƙasar a kewayen samfurin cikin akwati mai hawa biyu, a barbaɗa toka a tsakani don kada su manne. Bayan an zare samfurin, a huda kafar zuba ƙarfe da ƙananan kafofin fitar iska.

Narkarwa da zubawa aikin maƙeri ne, ba na ɗalibi ba. Ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan sau 1,700, saboda haka ɗigo ɗaya a cikin tukunyar narkarwa ko ludayi zai iya watsa narkakken ƙarfe a fuska. Haka kuma alminiyam ba ya yin ja da rana kamar baƙin ƙarfe. Mai zafi da mai sanyi kamanninsu ɗaya ne. A yi aikin a fili don kare huhu daga hayaƙi, ɗalibai kuma su tsaya nesa ƙarƙashin kulawar malami.

Ɗaurawa

Idan murfin ya huce, a gyara shi da magagari, a yi ɗan kwari a kewayen wuyansa, a sa zoben roba wanda zai riƙe shi gam a cikin ramin. Riƙon nan ba abin wasa ba ne. Taya mai faɗin santimita 60 tana cin kusan santimita 188 a kowane juyi. A gudun kilomita 100 cikin awa ɗaya tana juyawa wajen sau 15 a daƙiƙa guda. Murfin da gefensa ɗaya ya fi nauyi zai yi ta girgiza har ya kwance, in ya fice kuwa yana iya raunata mai tafiya a gefen hanya. Duk wanda aka iya cirewa da yatsu bai cancanci hawa titi ba, sai a sake wani.

Aikin ɗalibai

1. Idan ana son murfi mai faɗin milimita 56, nawa ya kamata faɗin samfurinsa ya kasance?
2. Faifan alminiyam yana da faɗin santimita 6 da kaurin milimita 4. A lissafa nauyinsa, sannan a kwatanta da na baƙin ƙarfe mai girma ɗaya.
3. Me ya sa ake ɗan jiƙa ƙasar zubi, amma ake busar da ludayi ƙayau?