Suna Linzami: Yadda Aka Gano Iguanodon Aka Raɗa Masa Suna

Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami ne. Masana kimiyya su ma suna raɗa wa halittu suna, amma sau da yawa sukan yi haka tun ba su gama sanin halittar ba. Wannan maƙala za ta duba tarihin Iguanodon, wata ƙatuwar dabba mai cin ganye daga jinsin dainaso, wadda ta rayu kimanin shekara miliyan 125 da suka shige, don a ga abin da sunanta ya kama daidai da abin da sai daga baya aka gyara.

Haƙoran Farko

A shekarar 1822 wasu haƙora da suka daskare suka zama dutse suka shiga hannun Gideon Mantell, wani likita a garin Lewes na gundumar Sussex a Ingila. An samo su ne a wani wurin fasa dutse kusa da Cuckfield. Mantell ya lura cewa bakin haƙoran ya cinye, irin cinyewar da tauna ganye ke jawowa, ya kuma yi zaton na wata dabba ce mai kama da ƙadangare. Da aka nuna su ga Georges Cuvier, babban masanin ƙirar jikin dabbobi a Faransa, sai ya ce na karkanda ne, ko da yake daga bisani ya janye maganarsa. A 1824 Samuel Stutchbury ya nuna wa Mantell a Landan cewa haƙoran sun yi kama da na iguwana, wani ƙadangare na nahiyar Amurka mai kamar damo, sai dai sun fi nasa girma nesa ba kusa ba.

Raɗin Suna

A 1825 Mantell ya bayyana sunan Iguanodon. Kalmar harɗaɗɗiya ce: "iguana", sunan ƙadangaren, da "odon", watau haƙori da Girkanci. Ma'anarta ke nan "haƙorin iguwana". Shi ne dainaso na biyu da aka yi wa suna a kimiyyance, bayan Megalosaurus mai cin nama, shi ne kuma na farko cikin masu cin ganye. Kalmar "Dinosauria" ita kanta sai a 1842 Richard Owen ya ƙirƙiro ta, Iguanodon kuwa yana cikin dabbobi uku da ya kafa hujja da su.

Ƙaho ko Yatsa?

Wanda ya ga haƙori kawai bai ga dabba ba. Da Mantell ya auna haƙoran da na iguwana, sai ya ƙiyasta tsawon dabbar ya kai mita 18. Bugu da ƙari, da ya sami wani ƙashi mai tsini, sai ya ɗora shi bisa hancinta tamkar ƙaho. Gumakan da aka kafa a Crystal Palace na Landan a 1854 da wannan ƙahon aka yi su, suna nan kuma har yau.

Gyara ya zo a 1878, sa'ad da masu haƙar kwal a Bernissart ta ƙasar Beljiyam suka ci karo da ƙwarangwal fiye da talatin, a zurfin mita 322. Louis Dollo ya yi nazarinsu, aka tabbatar cewa ƙashin nan mai tsini babban yatsan hannu ne. Tsawon dabbar kuma ya tsaya wajen mita 10. Amma sunan bai canza ba, domin a ƙa'idar masana sunan da aka fara bayarwa shi ke da rinjaye.

Ɗan'uwansa a Nijar

Irin wannan raɗin suna ya sake faruwa a ƙasar Nijar. A 1965 Philippe Taquet, wani Bafaranshe, ya gano ƙasusuwan wani dangin Iguanodon a Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere a jihar Agadas. A 1976 ya sa masa suna Ouranosaurus nigeriensis. Kashin farko na sunan ya fito ne daga kalmar da Buzaye ke kiran guzan hamada da ita, na ƙarshe kuma yana nuna ƙasar da aka same shi. Nan ma ƙadangare mai rai aka ara wa dabbar da ta shuɗe sunansa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa sunan kimiyya yana adana iyakar sanin mai raɗa shi a ranar da ya raɗa. Mantell ya yi daidai kan haƙori da abincin dabbar, ya yi kuskure kan tsawo da ƙaho, domin a can ya wuce abin da hujjarsa ta ba shi. Ɗalibin harshe da ke ƙirƙirar sababbin kalmomi a Hausa yana fuskantar irin wannan haɗari: kalmar da ya kafa yau za ta iya daɗewa fiye da fahimtar da ta haife ta, don haka ya kamata ya gina ta bisa abin da ya tabbatar.