Duwatsun Dutse da Birnin Kudu a Mizanin Kayan Gadon Ƙasa na Duniya

A watan Oktoba na 2022, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masana Kimiyyar Ƙasa ta Duniya, wato IUGS, ta ayyana wurare 100 na farko da ta ɗauka a matsayin kayan gadon ƙasa, a taron da ta yi a Zumaia ta ƙasar Sifaniya. Daga cikinsu akwai kwazazzabon Grand Canyon na Amurka da da'irar Richat ta Muritaniya. Kafin nan, a 2015, UNESCO ta amince da tsarin gandun duwatsu na duniya, inda M'Goun ta Maroko da Ngorongoro-Lengai ta Tanzaniya suka zama na farko a Afirka. Har zuwa 2024 Nijeriya ba ta da ko ɗaya. Wannan muƙala na ganin cewa tsakiyar Jihar Jigawa ta cancanci a dube ta da wannan mizani.

Duwatsun da mai tsayuwa a Yalwawa yake hangowa, waɗanda garin Dutse ya ci sunansa daga gare su, suna cikin jerin da masana ke kira ƙananan duwatsun giranit, ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta da zaizaya ta tone cikinsu. Jerin ya taso daga Azbin, ya ratsa Damagaram, ya shigo Nijeriya ta Dutse, ya bi ta Jos har zuwa Afu a Jihar Nasarawa, shekarunsa na raguwa yayin da ake yin kudu. An kiyasta na Dutse a kan kimanin shekara miliyan 213, na Afu kuwa miliyan 141. Ke nan Dutse ce ƙofar wannan tarihi a ɓangaren Nijeriya.

Sai dai tsarin UNESCO bai tsaya ga shekarun dutse ba, yana neman alaƙarsa da rayuwar mutanen da ke gindinsa, kuma a nan ne manazarcin Hausa yake da ta cewa. A Birnin Kudu, Dutsen Mesa da Dutsen Habude suna ɗauke da zanen shanu marasa tozo, sabanin irin da Fulani ke kiwo a yankin yau. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg ya yi rubutu a kan zanen da kuma duwatsu masu amo idan an ƙwanƙwasa su. Sunayen kansu abin nazari ne: wa ya raɗa su, kuma wane labari dattawa ke dangantawa da mesar? Haka ma Garu, inda fadar Sarkin Dutse ta daɗe a tsakanin duwatsu.

Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991 gine-gine suke ƙaruwa, buƙatar tsakuwa ma haka. Doka ta kare wuraren zane, amma dutsen da ba shi da zane, ko da yana da suna da labari, nakiya na iya tashinsa cikin kwanaki. Tattara sunayen duwatsu unguwa-unguwa, daga bakin waɗanda suka haura shekara saba'in, aiki ne da sassan Hausa na jami'o'in jihar za su iya farawa da na'urar ɗaukar magana kawai.