Ramin Haƙar Ma'adinai da Rijiyoyin Jama'a

Ruwan rijiya yana kwance ne a ƙarƙashin ƙasa, cikin yashi da tsagogin duwatsu, kuma kullum gangare yake bi. Idan ramin haƙar ma'adinai ya zarce rijiyoyin gari zurfi, sai ruwan ya riƙa tsiyaya cikinsa. Mahaƙa su sa injuna su zuƙe shi, ruwan rijiyoyin da ke kusa ya ja baya, wasu ma su ƙafe.

Saboda haka dokar kare muhalli ta 1992 ta wajabta yin bincike kafin a fara babban aikin haƙa. Masana sukan ƙidaya rijiyoyin yankin, su auna zurfin ruwan kowacce, damina da rani. Sukan gina rijiyar gwaji, su yi ta jan ruwanta, domin su ga iyakar nisan da raguwar za ta kai. Sukan kuma gwada ruwan, ko akwai dalma ko wata guba a cikinsa.

Wajibi ne dagatai da masu unguwanni su tabbata an rubuta kowace rijiya a cikin rahoton. In wata ta ƙafe daga baya, awon farko shi ne shaidar mai ita.